Kayan da Sallau Ya Karɓa

A can kudancin ƙasar Indiya, bayan gonakin rake da wani kogi mai jan ruwa, akwai wani tsohon ɗakin bautar Hindu da ba a ɗora tubali ko ɗaya wajen gina shi ba. Dutse guda aka samu, aka yi ta fafe shi kamar ƙwarya har ya zama zaure da ɗakuna da hasumiya. Babu inda za ka kifa tafin hannu a bangonsa ba ka taɓa sassaƙa ba. Giwaye a ƙasa, mayaƙa a saman giwaye, mata masu rawa a saman mayaƙa, haka dai har wuyanka ya gaji da ɗagawa. Mutanen yankin kuwa sun san abin da baƙo bai sani ba: mutanen bangon nan suna ji, kuma ba a yi musu tayin abin da ba a shirya bayarwa ba.

To, nan tsautsayi ya kai Barira da mijinta Sallau, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Sallau shi ne Sarkin 'yan dako a kasuwar Dawanau, mutumin da buhu ya shekara arba'in yana hawa kansa. Wani Ba'indiye mai sayen riɗi, wanda suka daɗe suna aiki tare, shi ya gayyace shi bikin 'yarsa, ya ce lalle ya zo da uwargida. Da aka watse daga biki sai ya sa su a mota, ya ce a kai su su ga aikin mutanen dā. Barira dai tun a hanya hankalinta bai kwanta ba.

Ta ce, "Malam, mu da wurin bautar mutane? Mu gan shi daga nesa mana, mu koma."

Ya ce, "Aikin hannu za mu kalla, Barira. In kin koma gida me za ki ba da labari, shinkafa da yaji?"

Direba ya tsaya wurin mota. Suka tuɓe takalma a bakin ƙofa kamar yadda suka ga ana yi, suka shiga da hantsi. Masu ibada suna can ciki wajen ƙararrawa, zauren farko babu kowa. A kusurwoyinsa huɗu akwai mutum-mutumi huɗu na dutse, tsayinsu bai wuce na mutum ba, sai kauri kamar turmi, kowanne rufin zauren na zaune a kansa, ya tallafe shi da hannu biyu.

Sallau ya tsaya gaban na kusurwar kudu, ya yi ta kallon wuyansa yana girgiza kai. Doka ce a wurin 'yan dako, ba ka wuce ɗan'uwanka wuyansa na rawa a ƙarƙashin kaya ba ka ce masa kawo ba. Hali kuwa zanen dutse ne. Kafin Barira ta ankara, ya ɗaga hannuwansa ya dafa rufin, rabi wasa rabi tausayi, ya ce, "Sannu ɗan'uwa, wallahi ka gaji. Kawo in karɓe ka, ka sha ruwa."

Sai dutsen ya buɗe ido.

Ya ce, "Na karɓi tayinka, ya kai mai alheri."

Barira ta ji muryar har cikin haƙoranta. Maɗaukin nan ya sunkuya ya zame gefe, rufin ya sauko da ƙara ya zauna daram a kan Sallau. Shi kuwa dutsen ya miƙe, ya murza wuyansa, ya nufi bango ya shige ciki kamar mai shiga ruwa.

Ta kurma ihu, ihun bai fita daga zauren ba. Ta kama rigar mijinta tana ja, ina, ko motsi. Gumi na tsiyaya daga gemunsa, idanunsa sun firfito.

Da ƙyar ya ce, "Barira, ƙafafuna. Ba na jin su."

Ta duba ƙasa. Yatsunsa sun koma toka-toka, sun haɗe da daɓen, abin kuma yana hawa a hankali ya doshi idon sawu. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa sani ba, har salatin da ta ɗauko ya sarƙe mata a baki.

"Ya ke 'yar Adam, daina jan sa, za ki karya shi."

Ta waiga. Mai tsaron ƙofar ciki ne ke magana, wani dogon dutse mai hannu huɗu da kulki. Bai motsa ba, leɓunansa kawai ke tafiya.

Ta durƙusa, ta ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu. Wasa yake yi, wallahi wasa yake yi."

Ya ce, "A gidan nan ba a san wasa da tayi ba. Ya yi tayi, an karɓa. In inuwar hasumiya ta taɓa bakin tafkin da ke waje, mijinki ya zama namu har ƙarshen duniya. Abu ɗaya ne zai fid da shi: wanda ya ba shi kayan ya dawo da ƙafarsa ya karɓi abinsa, ba tilas, ba yaudara."

"Ina ya tafi?"

"Ya koma gindin dutsen da aka yanko shi daga ciki. Ƙasashe huɗu ne tsakaninki da shi. Kada ki zauna a ko ɗaya, gama duk wanda ya zauna a cikin bango ya zama ado. Rufe idonki ki shiga ta inda ya shiga."

Barira macen da ko tsohuwar rijiya ba ta leƙawa, ta dubi mijinta, ta ga tokar ta kai ƙwauri. Ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta yi bisimilla, ta rufe ido ta faɗa bango. Sanyi ya ratsa ta har ɓargo.

Da ta buɗe ido sai ga ta a wani fili, sama dutse, ƙasa dutse, babu rana amma akwai haske. Gabanta giwaye ne a jere, kowace ta riƙe wutsiyar ta gabanta da hanci, suna tafiya ba farko ba ƙarshe. Duk takun da suka yi sai ƙasa ta jefa Barira sama. Sawun Maɗauki kuwa ya ratsa ta ƙarƙashinsu ya wuce. Ta tsaya tana ƙirga takunsu, kamar yadda take ƙirga taɓarya in za ta sa hannu a turmi ana daka. Ɗaya, biyu, sarari. Ɗaya, biyu, sarari. A sarari na uku ta kifa da rarrafe. Wata ƙafa ta sauko ta danne bakin zanenta, ta fizge, zanen ya yage, ta mirgina waje guda tana haki.

Wata tsohuwar giwa mai karyayyen haure ta juyo da ido, ta ce, "Wuce, ya ke mai taushin jiki. Amma ki riƙe numfashinki a gaba. Mutanen can barci suke, numfashin mai rai ke tashe su."

Ai kuwa tana hawa tudu sai ga filin yaƙi. Dubban mayaƙa sun daskare a tsakiyar sara, takubba a sama, bakuna a buɗe, kibau rataye a iska babu abin da ya riƙe su. Ta cika ƙirjinta ta toshe hanci, ta shiga ratsawa tsakaninsu. Ta sunkuya ƙarƙashin mashi, ta ƙetare wani da aka kayar. Tafiya ta ƙi ƙarewa. Ƙirjinta ya ɗauki wuta, idonta ya fara ganin duhu-duhu, saura taku goma ta kasa, ta saki numfashi.

Tirƙashi! Filin nan duka ya farka. Ihun da aka fara shekara dubu da suka wuce ya ƙarasa fitowa a kunnenta. Kibiya ta wuce ta tsage mata kunne ta tafi da ɗankwalinta, takobi ya sauka inda ƙafarta ta bari. In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Barira ta zura a guje tana kiran sunan Allah, ba ta tsaya ba sai da ta faɗa ta wata ƙofa mai ado, ƙarar ta yanke a bayanta kamar an rufe tukunya.

Nan kuma kiɗa ne mai sanyi da ƙamshin furanni. Mata ne kyawawa na dutse, wasu na rawa, wasu na kitso, wasu na duba madubi. Suka taso suka kewaye ta da fara'a.

Babbarsu ta ce, "Maraba da baƙuwa, maraba da mai jini a kunne. Zauna, 'yar'uwa, mu wanke miki ciwon, mu gyara miki kai. Ba a wuce gidanmu a tsaye."

Ka san mutumin kirki da kunyar ƙin karamci. Ga gajiya, ga ƙafafu sun farfashe, ga kujera an turo har bayan gwiwarta. Wallahi ta manta. Ta fara lanƙwasa gwiwa tana cewa, "To, kaɗan dai," sai idonta ya faɗa cikin madubin da ke hannun ɗayarsu. Ba fuskarta ta gani ba. Sallau ta gani, toka ta kai masa ƙirji, bakinsa na motsi ba sauti.

Ta zabura ta miƙe. Ƙafarta ta hagu ta ƙi tasowa, ƙaramin yatsan ya riga ya kama ƙasa. Matan nan suka matso, fara'ar na nan a fuskokinsu ba ta canja ba, hannuwansu masu sanyi suna shafa kafaɗunta, suna cewa, "Zauna mana, zauna mana." Wannan fara'ar ta fi takubban can ba ta tsoro. Ta cije leɓe ta fizgi ƙafar da ƙarfin tsiya. Ta ji ƙas! Yatsan ya zauna can, ko jini bai fito ba. Ta fita tana ɗingishi, ba ta waiwaya ba.

Ƙasa ta huɗu ita ce inda masassaƙa suka ajiye kayan sassaƙa ba su gama aiki ba. Hanya ce siririya tsakanin duwatsu biyu, jikin duwatsun cike da mutanen da aka fara ba a ƙarasa ba. Wani kai ne da kafaɗa ɗaya. Wata fuska ce babu baki, sai idanu suna bin ta. Hannuwa suka yi ta fitowa suna kama zanenta, masu baki suna kuka, "Ƙarasa ni! Ya ke mai yatsu, ƙarasa ni!" Tausayi ya kama ta, bakinta ya buɗe zai ce sannu, bari in gani, sai ta tuna abin da tayi ya jawo mata yau. Ta sa hannu ta toshe bakinta, ta wuce tana hawaye.

A ƙarshen hanyar ta iske wani rami a gindin dutse, daidai jikin mutum. Maɗauki na kwance a ciki rigingine, ya miƙe ƙafafu, ya rufe ido. Ta tsaya a kansa.

Ta ce, "Salamu alaikum, ya kai bawan Allah. Ni ce matar wanda ya karɓe ka."

Bai buɗe ido ba ya ce, "Na san abin da ya kawo ki, ya ke matar mai alheri. Koma. Shekara dubu ina tsaye. Sarakuna sun wuce ta gabana, masu ibada sun wuce, babu wanda ya taɓa duban wuyana sai shi. Yau na san mene ne kwanciya. Ba zan tashi ba."

Ta roƙe shi da girman wanda ya halicci dutse. Ta gaya masa suna da 'ya'ya biyar da jika a hanya. Ko gezau. Da roƙo ya ƙare sai haushi ya taso ya danne tsoron, ta kama ƙugu kamar tana tsakar gidanta.

Ta ce, "Kai, ashe ba ka da kunya? Me ya ce maka? Cewa ya yi ka sha ruwa! A wurinmu in ɗan dako ya karɓi ɗan'uwansa, wanda aka karɓa yakan kurɓi ruwa ya miƙe baya, ya dawo da gudu, don ya san wuyan wani na can yana cin wuya dominsa. Wanda aka karɓa ya gudu, ko gaisuwa ba a ƙara yi masa a kasuwa. Mutum ɗaya tak ya ji tausayinka a shekara dubu, shi za ka saka wa da wannan?"

Idanun dutsen suka buɗe. Ya tashi zaune a hankali, ita kuwa ta ja da baya, ta tabbata yau sai ya murƙushe ta. Sai ya ce, "Ban san haka dokar take ba. Ba a taɓa karɓa ta ba, balle in san ana dawowa." Ya sunkuyar da kai. "Amma dubi nan, ki faɗa mini ko ke za ki koma."

Ta leƙa. Tsakiyar kansa ta lotsa, ta tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, inda rufin ya yi ta cin sa.

Ta ce, "Innalillahi! Haka suka ɗora maka, ba gammo?"

"Mene ne gammo?"

Barira ta kwance gyalenta daga ƙugu. Ta murɗe shi, ta naɗe shi zagaye, ta cusa bakin a ciki, irin naɗin da take yi wa Sallau kowace safiya tun tana amarya. Ta ɗora masa a ka, ta ɗauko wani dutse da ƙyar ta aza a kai. Maɗauki ya gyara zama. Ya juya wuyansa dama, ya juya hagu. Wani dogon numfashi ya fito masa, har ƙura ta tashi.

Ya ce, "Ashe haka ake ɗauka." Ya miƙe tsaye. "Zan koma, ya ke mai hikima, da ƙafata. Hau bayana, inuwa ta kusa ruwa."

Da taku huɗu ya ƙetare ƙasashen nan huɗu, suka faso bango suka faɗo zaure. Barira ta hango ta ƙofa, inuwar hasumiya saura taki ɗaya ta taɓa tafki. Sallau kuwa dutse ne har haɓa. Hannuwansa sun haɗe da rufin. Idanunsa kaɗai suka rage, su ma sun kafe, ba ya ganin kowa.

Ta ce, "Karɓa mana! Me kake jira?"

Mai tsaron ƙofa ya ce, "Ba zai iya ba. Kayan gidan nan ba ya sauka ƙasa, kuma dutse ba ya miƙa wa dutse. Sai mai rai ya shiga tsakani, ya riƙe rufin numfashi uku, a zare wancan, wannan ya shiga. Amma ki sani, ya ke 'yar Adam, nauyin nan na shekaru ne. Mijinki ya biya da namansa. Ke da kwanakinki za ki biya, kowane numfashi shekara goma."

Barira ta dubi hannuwanta. Shekararta arba'in da biyar, ko furfura ba ta fara ba. Tana tsoro, tsoro ƙwarai, har fitsari ya kusa kufce mata. Ta so a ce akwai wani a zauren da za ta tambaya, babu. Ta dubi inuwar, saura tafin hannu.

Ta matsa jikin mijinta, ta kafa ƙafafu, ta miƙe wuya kamar yadda ta ga yana yi, ta ɗaga hannu ta dafa rufin. Ta ce, "Malam, kawo."

Wayyo! Ba a kwatanta abin da ya sauko mata. A numfashi na farko ta ji ƙashin bayanta na ƙara ɗaya bayan ɗaya, ta ji Maɗauki na ɓamɓare Sallau daga daɓe. A na biyu haƙoranta suka yi girgiɗi, biyu suka faɗo kan harshenta, ganinta ya dushe. Zuciyarta ta ce saki, Barira, saki ki huta. Ta ƙi. Ta ja na uku da ƙyar kamar mai jan guga daga rijiya mai gaba sittin, ta ga fatar hannunta ta yamushe a kan idonta. Sai nauyin ya ɗaga.

Ta zube ƙasa. Maɗauki na tsaye a kusurwarsa, ido a rufe, da gammon dutse a kansa. Mai tsaron ƙofa ya koma dutse kamar dā. Can ciki aka kaɗa ƙararrawa, inuwa ta faɗa ruwa.

Sallau ya yi tari, ya tashi zaune yana shafa ƙafafunsa, yana murza yatsu, yana hamdala. Lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Ya miƙe ya duba gabas, ya duba yamma, ya leƙa bayan ginshiƙi yana kira, "Barira! Barira!" Sannan ya lura da wata tsohuwa a zaune a ƙasa, kai fari fat ba ɗankwali, baya a tanƙware, zane a yage. Ya rusuna mata da ladabi.

Ya ce, "Iya, don Allah ba ki ga matata ba? Wata doguwa, baƙa, yanzun nan tana nan."

Barira ta daɗe tana kallonsa. Ta tofar da haƙoran nan biyu a tafin hannunta, ta goge baki.

Ta ce, "Malam, kai dai ba ka jin magana. Na ce maka mu gan shi daga nesa."

Sallau ya san muryar. Ya durƙushe a gabanta, ya kama yamusassun hannuwan nan yana jujjuya su, ya fashe da kuka.

Ta ce, "Bar kukan haka, mutane na fitowa. Tashe ni a hankali, ka rufa mini kai da hularka."